Mai Hoto da Dillalin Ƙetare

Ƙyalle biyu ne jarin farko na kowane shagon hoto da na sani tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, fari da ja. A kafa su da ƙusa a jikin bango, a ajiye kujerar roba a gabansu, a ce wa mutum ya ɗaga haɓa kaɗan, ya daina ƙifta ido. Fasfo ke nan, kuma shi ke riƙe da shago. Biki yakan zo ya wuce, Sallah sau biyu ce a shekara, amma masu cike fom ba sa yankewa: ɗalibin da zai zauna NECO, saurayi mai neman aikin ɗan sanda, matar da za ta buɗe asusun banki, maniyyacin da ya sayar da shanu. Ko shekarar da fari ya ƙone gero, hukuma ba ta fasa neman kwafi huɗu.

Shagon da na fi sani shi ne wanda ɗan ƙanwata ya yi koyon sana'a a cikinsa, a nan Birnin Kudu, ba nisa da babban titin da ya taho daga Kano. Maigidansa dattijo ne da ya fara da Yashica, zamanin fim mai ɗauka 36. A lokacin kowace latsawa kuɗi ce, don haka ba a latsawa sai an tabbata. In fim ya cika, a naɗe shi a takarda a ba direban motar Kano ya kai wurin wanki, sai bayan kwanaki a san ko amarya ta rufe ido. Har yau in ya ga yaro yana ta ɓarin wuta da kyamarar zamani, sau ashirin a kan mutum ɗaya, sai ya girgiza kai ya ce wannan ai su ne da koma, ba ɗaukar hoto ba.

Dokar sana'ar a hannunsa guda ɗaya ce, kuma ba a rubuce take ba: wanda ke cikin hoto shi ke biya. Ka tsaya a ɗauke ka, ka ba da kafin alƙalami, ka dawo ka cika ka karɓa. Wanda ya ƙi dawowa kuwa hotonsa ya zama na shago, a manna shi jikin gilashin ƙofa, rabi talla rabi tonon asiri. Ina yaro na sha tsayawa gaban irin wannan gilashi ina ƙirga 'yan unguwarmu da ake bi bashi.

Wayar hannu ce ta kassara wannan ciniki. Tecno da Infinix da Itel duk na kamfanin Transsion ne na China, wanda ya gane da wuri cewa kyamarar waya ba ta iya fitar da baƙar fata ba, ya gyara tasa, ya kuma sayar da ita da arha. Kiran nan na “Mai hoto, zo ka ɗauke mu” da ke tashi daga kowane lungu ranar Sallah ya yi ƙasa. Abin da ya rage wa shago shi ne fasfo, ɗaurin aure da kamu da suna, saukar Alƙur'ani, hoton firam, sai fostar 'yan takara in kakar zaɓe ta zagayo. Shi ya sa matasan da ke cikin sana'ar suke ta waige-waige.

Ɗan ƙanwar tawa ne ya zo mini da zancen, wata Juma'a bayan an sauko. “Kawu, ashe akwai inda ake sayen hoton da ba wanda ya sa ka ɗauka.” Na ce ya yi hattara, da irin wannan zaƙin baki 'yan damfarar intanet suke kwashe wa mutane jari. Ya buɗe waya ya nuna mini. Ashe tsohon ciniki ne, mu ne dai ba mu da labari.

Akwai kamfanoni a intanet da aikinsu tara hotuna, miliyoyi a kan miliyoyi, yadda ɗan kasuwa ke tara hatsi a sito. Editan wata jarida a Landan yana son hoton gonar riɗi kafin gobe. Mai buga littafin firamare a Ibadan yana son hoton rumbu. Wata ƙungiyar agaji tana haɗa rahoto kan ambaliya. Ba ɗayansu da zai ɗauki mutum ya turo shi Jigawa saboda hoto guda. Sai ya shiga siton, ya rubuta sunan abin da yake nema, ya zaɓa, ya biya, ya sauke. Kuma ba saye ya yi ba, haya ya karɓa. Hoton yana nan na mai shi, gobe wani zai biya ya sauke, jibi wani. Ɗaki ɗaya ne mai ɗaukar 'yan haya ɗari a lokaci guda, ba tare da sun ga juna ba.

Manyan kamfanonin, wato dillalan, ba su da yawa. Getty Images ya fara a 1995, Alamy na Ingila a 1999. Waɗanda suka buɗe ƙofa ga kowa su ne iStockphoto, da aka kafa a Calgary ta Kanada a 2000, da Shutterstock, wanda wani ɗan New York mai suna Jon Oringer ya fara a 2003 da hotuna wajen 30,000 da ya ɗauka da hannunsa. Su suka karya farashi, su kuma suka ce ba sai ƙwararre ba, duk mai kyamara ya kawo. Daga nan manya suka shiga saye ƙanana. Getty ya sayi iStockphoto a 2006 kan dala miliyan 50, Adobe ya sayi Fotolia kan dala miliyan 800 ya buɗe Adobe Stock a 2015, a Janairun 2025 kuma Getty da Shutterstock suka sanar da shirin haɗewa. Masu kawo kaya na ƙaruwa, dillalai na raguwa. Duk wanda ya taɓa kai akuya kasuwa ya san wanda irin wannan lissafi ke yi wa daɗi.

A kara, ranar kasuwar garin Sara, in an yi cinikin sa dillali yakan ɗauki 'yar la'adarsa, mai sa ya soke kuɗinsa a aljihu. A wannan kasuwar an juya abin: dillali ke riƙe kuɗin sa, mai sa a miƙa masa la'ada. iStockphoto yana ba wanda bai keɓe masa hotunansa ba kashi 15 cikin ɗari. Adobe Stock kashi 33. Shutterstock kuwa, tun Yunin 2020, daga 15 yake farawa ya hau zuwa 40 gwargwadon yawan abin da aka sauke maka, amma duk farkon Janairu sai ya mayar da kowa matakin ƙasa a sake hawa. Sau da yawa abin da ke faɗowa kan hoto ɗaya senti 10 ne na dala. A canjin naira 1,500, naira 150 ke nan, ko karin kumallo ba ta yi ba. Ba a ma ba ka kuɗin sai sun taru. A Adobe sai sun kai dala 25. Mai senti goma-goma sai an sauke masa sau 250 kafin ya haɗa irin wannan adadi. Sannan ga fom ɗin harajin Amurka, W-8BEN, da za ka cike. Da yake Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, duk cinikin da mai saye na can ya yi ana zaftare kashi 30 tun bai baro ba. Abin da ya tsira yawanci ta Payoneer yake bi kafin ya zama naira, su ma da nasu rabon.

Don haka wanda ya ce maka da wannan za ka bar fasfo, bai faɗa maka gaskiya ba. Dashen dabino ne, mutanen Dutse sun fi ni sanin shekara nawa ake ban ruwa kafin a ɗanɗana. Abin da ke sa matasa saurare shi ne dala. Kafin Yunin 2023 canjin gwamnati yana wajen naira 460, cikin 2024 ya haura 1,500. Sai dai tashin da ya sa senti goma ya yi ɗan auki, shi ne ya sa sabuwar kyamara ta gagari talaka.

Tambayar da kowane sabon shiga ke farawa da ita ita ce megafiksel nawa, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani. Mafi ƙanƙantar hoton da Shutterstock da Adobe ke karɓa megafiksel 4 ne. Canon 600D ta 2011 tana da 18, Nikon D3200 ta 2012 tana da 24, tsohuwar 5D Mark II ta 2008 tana da 21. Duk sun wuce da nisa. Wayar da aka rubuta wa 108 a jikin kwali, in ka buɗe hotonta a babban allo, sau da yawa sai ka ga fatar mutum kamar an shafe ta da kakin zuma. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin da ke yin man shi ne faɗin farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, wanda masu sana'a ke kira sensa, da gilashin da ke gaba, wato lens. Ba wai ana ƙin hoton waya ba ne. In an ɗauke shi cikin wadataccen haske yana shiga, yaron ma da waya ya fara gwaji.

Sa'ar mai ƙaramin ƙarfi ita ce duniya ta koma kan kyamara marar madubi. Sony ya fito da A7 a 2013, Canon da Nikon suka biyo da manyan nasu a 2018, masu hali a Turai da Amurka suka shiga rabuwa da tsofaffin masu madubi. Su ne ke sauka Legas, su iso Kano a matsayin na hannu. Ga mai aiki a Gwaram kuwa tsohuwar ta fi dacewa. Batirinta ya fi jimiri, kuma a garin da caji kan zama sai an kai shagon mai sola ko mai inji, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Madubin nan da ake rainawa ma yana tsaye gaban sensa, yana rage mata ƙura duk sanda aka cire lens.

Sayen na hannu kamar sayen babur ne, ba fenti ake dubawa ba. Kyamara tana ƙirga sau nawa aka latsa ta. An gina shatar D3200 ta kai wajen latsawa 100,000, ta 5D Mark II kuma 150,000, don haka wadda ta fito daga hannun mai ɗaukar biki ta iya cinye fiye da rabin kwananta jikinta na sheƙi. Ranar da yaron ya haɗa kuɗinsa, maigidan da kansa ya raka shi Kano, ni ma na bi su. Na ga dattijo ya cire lens ya ɗaga shi saitin rana yana leƙawa, ko akwai funfuna mai kama da saƙar gizo a ciki. Ya sa memori nasa, ba na mai shago ba. Ya ɗauki hoton farin bango, ya buɗe shi ya bi shi kusurwa-kusurwa yana neman tabo. Mai shago yana ta zuba, shi ko kallonsa bai yi ba. Da yaron ya tayar da gardamar Canon ko Nikon, wadda ba ta da maraba da ta 'yan Chelsea da 'yan Arsenal, amsar da ya samu gajera ce: “Ɗauki irin wadda maƙwabcinka ke riƙe da ita. Ranar da batirinka ya mutu ana tsakiyar ɗaurin aure, ba Japan za ka aika ba.”

Abin da ya rage a aljihu, a zuba shi a gilashi. Lens ɗin 18-55 da ke zuwa tare da kyamara yana aiki da rana, amma da an shiga zaure ko rumfa mai duhu sai ya kasa. Na 50 mai buɗewar 1.8 yana cikin mafi arha a masu kyau. Ba ya jawo abu, ƙafarka ce za ta yi zuwa da komowa, amma yana shan haske, yana fitar da ƙwayar riɗi ɗai-ɗai ya narkar da abin da ke baya. Sai batir na biyu, sai memori na asali. Jabu ya cika kasuwa, kuma ba ya nuna halinsa sai ranar da ya haɗiye bikin mutane.

Maƙiyan kyamara a wannan yanki biyu ne, kowa da watansa. Da hunturu ƙura ce, mai laushi kamar garin alkama, tana bin kowace kafa. Ba a canza lens a fili, ba a hura sensa da baki, ba a goge gilashi da gefen riga. Akwai ɗan abin hura iska na roba, shi ne maganinta. Da damina kuma laima ce, mai haifar da funfuna. Dattijon yana tara 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, yana zuba su a jakar kyamara.

Haske kuwa makaranta ce guda, kuma a nan ne tsoho ya fi littafin da ke zuwa cikin kwali. Ɗauki mutum baƙi cikin farar shadda ranar Sallah da tsakar rana. Kyamara za ta ga farin ya yi mata yawa ta rage haske, riga ta fito tas, fuska ta koma gawayi. Ka ƙara haske don fuska, aikin wuyan riga ya ƙone ya ɓace. Maganin ba a maɓalli yake ba. Ka ja mutumin zuwa bakin inuwar darbejiya, ka juya shi inda hasken da ƙasa ke maidowa zai bugi fuskarsa, ko ka jira bayan la'asar. Wanda ya iya wannan ya riga ya fi baƙon da ya sauka da kayan miliyoyi.

Fitar yaron ta farko da niyyar sito, Sara ya nufa. Ya isa da hantsi, ya fara gaida sarkin kasuwa yadda maigidansa ya umarce shi, ya wuni tsakanin 'yan hatsi da 'yan kara da 'yan koli. Ya dawo ya tace arba'in, ya kwana yana ɗora su a ɗaya daga cikin kamfanonin, sabis na zuwa yana ɗaukewa, data na zurarewa. Bayan 'yan kwanaki amsa ta zo: an karɓi shida. Wani an ƙi shi don wani yaro da ke gefe yana sanye da rigar ƙwallo mai tambari. Wani don lemar mai sayar da kati tana ɗauke da sunan kamfanin waya. Wani don lambar mota ta fito, wani don sunan da ke jikin buhu. Uku saboda ɗigon ƙura a sararin sama, wanda shi bai ma gani ba. Mafi yawa kuwa saboda fuskoki ne, babu takardar amincewar masu su. Cikin shidan da suka tsallake akwai rumbun ƙasa da hularsa ta ciyawa da ya ɗauka a hanya, da damin dawa, da hannun wata dattijuwa mai lalle tana cika kwano da riɗi har ya yi tsororuwa. Wato abubuwan da in ka ce wa ɗan garin zai biya kuɗi a kansu, dariya zai yi maka.

Ƙofa biyu ce a siton. Akwai ta talla, inda mai saye zai iya manna hoton a jikin kowace haja. A nan ba a yarda da tambarin kowa ba, kuma duk fuskar da za a iya ganewa sai mai ita ya sa hannu, in yaro ne iyayensa su sa. Akwai ta labari, ta jaridu da littattafai, inda ba a neman sa hannu amma ana neman gaskiya: sunan wuri, kwanan wata, abin da ke faruwa, kuma ba a cire komai ba a ƙara komai.

Wannan takardar sa hannu ita ce wurin da ni na fi tsayawa, domin ita ce ta kife dokar dattijo. Da ya ji bayaninta cewa ya yi, “Ni mutum ke biyana in ba shi hotonsa. Kai so kake ka karɓi hotonsa ka ba wani.” Yana da gaskiya. Shubnum Khan, marubuciya 'yar Durban ta Afirka ta Kudu, ta ba da labari a 2018 cewa tana ɗaliba ta je an ɗauke ta hoto kyauta, ta sa hannu a takarda ba ta karanta ba. Daga baya ta riƙa cin karo da fuskarta a tallace-tallace ƙasa-ƙasa, daga na shige da fice a Kanada har na McDonald's a China. In haka ta sami mai ilimin jami'a, ina ga matar aure a Kila ko Basirka da ta dangwala yatsa a takardar Turanci? A wayi gari fuskarta tana jikin allon tallan maganin wata cuta, ko na tazarar haihuwa, wani ɗan uwan miji ya gani a waya. Abin da mai hoto ya ci a kai bai kai kuɗin cefane ba, ita kuwa aurenta ne ke rawa. Ra'ayina a nan ba shi da lanƙwasa: fuskar mace ko ta yaro ba ta shiga ƙofar talla sai an karanta wa mai ita takardar da Hausa, an faɗa mata mafi munin inda hoton zai iya zuwa, an kuma biya ta. In ba haka ba, a ɗauki hannu, a ɗauki baya, a ɗauki inuwa.

Haka nan hoton almajiri da ƙoƙonsa. Yana da kasuwa, kowa ya sani, domin shi ne irin Arewar da wasu editocin waje suka riga suka rubuta a ransu. Duk sanda na rubuta sunan arewacin Najeriya a irin waɗannan kamfanoni, abin da ke fara zubowa sojoji ne, da sansanin 'yan gudun hijira, da dawakin hawan Sallah. Kamar babu mai zuwa gona, babu ma'aikaciyar jinya da ke tashi daga aikin dare, babu ɗalibin sakandare a ɗakin gwaje-gwaje, alhali kwalejin gwamnati ta Birnin Kudu ce ta yaye Aliko Dangote. Fati Abubakar ta Maiduguri da irin wannan haushin ta fara Bits of Borno a Instagram a 2015, tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a garin da duniya ta sani da bama-bamai kawai.

Sauran rabin aikin ba da kyamara ake yin sa ba. Hoton da ba shi da suna a cikin miliyoyi, allura ce cikin ruwa. Kowane hoto ana ba shi take, a jera masa kalmomin nema har kusan hamsin, da Turanci, kuma da su mai saye zai same shi ko ya wuce shi. Yaron ya fi shan wahala a nan fiye da ko'ina, amma a nan ɗin ne kuma jarinsa yake. Baƙo zai rubuta “ƙauye a Afirka” ya wuce. Shi kuwa ya san gero daban maiwa daban, ya san farar saniya Bunaji daga ja Rahaji, ya san sharo ba dambe ba ne, ya san wannan Gwaram ce ba Ningi ba. Masanin aikin gona da ke neman hoton riɗin Jigawa a watan girbi, kalma ɗaya daidai ce za ta kawo shi.

Wanda ke shakkar darajar suna ya je Dutsen Habude, ko Dutsen Mesa, ko Dutsen Murufu, duk a nan Birnin Kudu. A jikin duwatsun akwai zanen shanu marasa tozo, wasu da dogayen ƙahoni, ba irin na Fulanin yau ba, ga kuma duwatsun da in an buga su suke amo kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu cikin shekarun 1950. Mai zanen ya iya aikinsa, amma bai bar suna ko shekara ba, shi ya sa har yau masana kintace suke yi. Hotunan wurin da duniya ta fi gani kuwa baƙi ne suka ɗauka. Gidan tarihi na British Museum, daga 2013, ya tsara ya kuma saki hotuna wajen 25,000 na zane-zanen duwatsun Afirka da ƙungiyar TARA ta Nairobi ta tara, kuma Birnin Kudu tana ciki. Yaron da zai iya zuwa wurin a ƙafa, ya ga yadda hasken safiya da na yamma ke sauya launin dutsen, izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa mai kula da wurin kawai yake buƙata.

An riga an ga abin da ɗan ƙasa ke iya yi da abin da ke ƙofar gidansa. Sani Maikatanga na Kano da hoton ambaliyar Auyo, a nan Jigawa, ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023. Waccan hanya ce daban, domin hoton da aka ɗora a can kyauta ake amfani da shi, ba haya. Amma tana kawo suna, suna kuma ke sa a kira ka aiki, kuma aikin kira guda yakan fi abin da sito zai tara maka a shekara.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo kasuwar. Getty ya haramta hotunanta a Satumban 2022, Adobe ya fara karɓarsu a Disamban shekarar bisa sharaɗin a bayyana. Hoton mutum yana murmushi da waya a kunne, na'ura za ta zubo ɗari kafin ka buɗe jaka, wannan cinikin ya tafi. Na dai ga irin kasuwar Hausa da take ƙirƙirowa, rawanin Indiya a kan Bakano, hula ba ƙube ba zanna ba. Ko ta gyara wannan, ba za ta iya cewa ta tsaya a Sara ranar kaza ga watan kaza ba, jarida kuwa abin da take biya ke nan.

Hannun nan mai lalle shi ya fara kawo wa yaron kuɗi. An sauke shi sau ɗaya, aka yi shiru, aka sake saukewa. Bai san wa ya saya ba, bai san a wane littafi ko wane kwali ya faɗa ba. Maigidan ya ce tunda dai an ci kuɗi da hannun baiwar Allah, sai a kai mata haƙƙinta. Yaron ya wanke hoton babba, ya sa a firam, ya haɗa da ɗan abin goro, ya koma Sara ranar kasuwa ya same ta a rumfarta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, “Inna, ga hotonki, har ƙasar Turawa ya je.” Ta karɓa, ta juya shi, ta miƙa wa maƙwabciyarta ita ma ta duba. Sannan ta ɗago ta ce, “Ɗan nan, hannu kaɗai? To ina fuskar?”